Tafinta a Ɗaki na Huɗu

Talata, kotun Dandenong, tara saura kwata.
Yayyafin Melbourne ya ƙi tsayawa, ya ƙi zama ruwa.
Na iske Nikbakht a bencin ƙarshe,
lambar layi ta jiƙe a tafinta,
jakar leda a cinya:
takardar likita, hoton ƙofar banɗaki da aka ɓalle,
da safar yaro ƙafa ɗaya, ban san dalili ba.

Zuwanta na uku ke nan.
A na farko an kira mai Farisancin birni,
ita kuwa harshen duwatsun Hazara ta tsotsa a nono.
Ta ce ya shaƙe ta,
ya ce sun yi sa-in-sa.
A na biyu, tafintan da aka turo
sahu ɗaya suke bi da mijinta.
Ta dube shi. Ta dubi alƙali.
Ta ce ba komai.
Aka rubuta: ba komai.

Fom ɗin shafi goma sha ɗaya ne.
Yana son rana, yana son wata, yana son ƙarfe nawa.
Ita ba haka take ƙirga ba.
Daren da aka shiga sabuwar shekararmu, in ji ta.
Makon da ƙaramin ya fara haƙori.
Ranar da shinkafa ta kama.
Ni ke ɗaukar haƙorin yaro
in nema masa gurbi a kalanda.

A harshenmu, mutunci ruwan fuska ne.
Shekara tara tana tafe da nata a hankali
kamar mai ɗauke da ƙwarya cike a kan tsani,
yau an ce ta zubar da shi gaban baƙi
cikin minti ashirin,
don akwai shari'a talatin a bayanta.

Alƙaliyar ta cire tabarau.
Ta ce: kafin komai, tambaye ta,
akwai wanda ta sani a ɗakin nan?
Ba wanda ya taɓa tambaya.
Nikbakht ta nuna da haɓa.
Aka fitar da ƙanin mijin,
aka ja labule tsakaninta da mijin,
sai na ji numfashinta ya sauko daga wuya.

Dokar aikina ita ce in ce "ni".
Ba na cewa ta ce.
Don haka na tsaya gaban kotu da Turanci na ce:
Ya kulle ni.
Ya karɓe min waya.
Ya ce takardar zamana tana aljihunsa,
ran da na yi ƙara, ran nan za a sa ni a jirgi
ba tare da 'ya'yana ba.
Ya sa gwiwa a ƙirjina.
Muryata ba ta yi rawa ba, an horar da ita.
Gwiwoyina ne ba a horar ba.

Lauya ta ce maganar jirgi ƙarya ce.
Na fassara.
Nikbakht ta ce in sake.
Na sake.
Ta ce in sake, a hankali.

An ba da umarnin kariya kafin azahar,
shafi uku, duka da Turanci.
Na karanta mata a tsaye bakin matakala,
tana bin layin da yatsa kamar mai lalube a duhu.

A tashar bas muka yi kamar ba mu san juna ba.
Garin babba ne, mu ne ba mu da yawa.

Da na koma ɗaukar lemata,
an kira wata mata mai zanen goshi irin na Kudancin Sudan.
Magatakarda ya duba takarda, ya duba agogo,
ya ce ba a samu mai jin harshenta ba,
ta dawo bayan mako shida.
Ta gyaɗa kai, ta yi murmushi.
Ta ci gaba da zama.
Ba wanda ya iya gaya mata an tashi.